Wane suna za mu ba tashoshin "Free to Air" da Hausa?

Malam Habu, Ringim:
Assalamu alaikum. Malamai da masu ɗaura dish, a taimaka mana da kalma. A jikin kwalin risiba ana rubuta Free to Air, ko FTA a taƙaice, wato tashoshin da ake kamawa ba tare da biyan kuɗin wata ba. A shago muna cewa "firi", amma dattijon da ya zo daga ƙauye ba ya gane inda aka dosa. Ni "tashoshin kyauta" nake gani. Me kuka ce?

Sani mai dish, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, "kyauta" tana jawo rigima tsakaninmu da masu saye. Mutum yana jin ta sai ya ɗauka ba zai kashe ko sisi ba, alhali sai ya sayi faranti, da idon da ke gabansa wanda muke kira LNB, da waya, da risiba, ya biya ladan ɗauri. Abin da ya huta da shi kuɗin wata ne kawai. Kuma masu sayar da risibar da aka yi wa dabara ta fasa tashoshin kuɗi, su ma "kyauta" suke cewa. Wannan satar kallo ce, bayan 'yan makonni kamfani ya sauya mabuɗi, allo ya yi baƙi, kuɗin talaka sun tafi. Bai kamata suna ɗaya ya haɗa su ba.

Malama Binta, Kazaure:
Gaskiyar Sani. "Ɓagas" ma ba za ta yi ba, don tana da warin abin da aka samu a banza. Mu duba abin da ya raba tashoshin biyu. Dukkansu daga tauraron ɗan'adam suke saukowa, faranti ɗaya ke tare su. Bambancin shi ne wata an sa mata kwaɗo, wata an bar ta a buɗe. Saboda haka ina ba da shawarar "buɗaɗɗiyar tasha", jam'i "buɗaɗɗun tashoshi", kishiyarta kuma "kullalliyar tasha". Dama a bakin mutane kalmar take, kullum za ka ji ana cewa tasha kaza ta kulle.

Sani mai dish, Ɗambatta:
Malama, wannan ta zauna, don risibar ma haka take rarrabe su. In an gama lalube, tashar da ke kulle za ka ga alamar dala ko ɗan kwaɗo a gefen sunanta. Yawancin risiba suna da wurin da za ka zaɓi FTA kaɗai kafin ka fara lalube. Zaɓi shi, in ba haka ba za ta tara maka ɗaruruwan tashoshin da ba sa nuna komai.

Ga mai son buɗaɗɗun, abin lura na farko girman faranti. Arewa24, wadda ta fara a 2014, ana kama ta a buɗe a tauraron Eutelsat da ke digiri 16 gabas, kuma faranti mai santimita 90 ya wadatar. Daga ƙasar Kano da Jigawa wannan tauraro yana kudu, ya ɗan karkata gabas, kuma yana can sama sosai. Nilesat yana digiri 7 yamma, Arabsat kuma 26 gabas. Nan ake samun tashar Alƙur'ani ta Makka da ta Sunna ta Madina. Su ƙasashen Larabawa suka haska, mu a gefe muke, don haka sun fi son babban faranti. Mai son taurari biyu a risiba ɗaya sai ya sa ido biyu da ɗan akwatin da ke sauya su, DiSEqC.

Risiba tana nuna layi biyu, ƙarfi da inganci. Ƙarfi yana iya kaiwa 90 ko da farantin yana kallon bango, don yana nuna wuta na isa ga idon ne kawai. Ingancin ake bi. A juya farantin kaɗan-kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa, a dakata a ga ko layin ya motsa, sannan a murɗa idon a mazauninsa har ingancin ya kai ƙarshe, kafin a ɗaure noti.

Alhaji Garba, Birnin Kudu:
Ɗana Sani, ka bar abin da ya fi kashe mana kallo a karkara: turke. Kada a kafa faranti a katangar ƙasa ko a jikin azara. Iskar farkon damina tana gusar da shi, kuma gushewar da ido ba ya gani ta isa ta ɗauke hoto. A haƙa rami kamu ɗaya da rabi, a kafa bututun ƙarfe, a zuba kankare, a tabbata ya miƙe tsaye. Bakin wayar da ke shiga idon a naɗe shi da salatif, don in ruwa ya shiga yana bin wayar ya yi tsatsa. In siririn gashin waya ɗaya ya taɓa tagullar tsakiya, risiba za ta ƙi kamawa, don ta wannan wayar take tura wa idon wuta, bolt 13 ko 18. A cire soket kafin a taɓa ta. Ɗaukewar hoto lokacin mamakon ruwa kuwa ba lalacewa ba ce, hadari na wucewa zai dawo.

Amma Malama, ARTV da NTA da ake kamawa da eriya a kan gora fa? Da fina-finan YouTube?

Malama Binta, Kazaure:
Baba, na eriya buɗaɗɗu ne, sunan ya rufe su, sai dai a ce "buɗaɗɗiyar tashar eriya" da "buɗaɗɗiyar tashar dish". YouTube kuwa ban yarda a sa shi ciki ba. Ba a kulle yake ba, amma data yake ci, awa ɗaya a 360p, wato ƙaramin ingancin hoto, tana lashe kimanin MB 300. Wannan "kallon data" ne, kamar yadda na wurin masu turi a memori yake "kallon turi". Kowanne da sunansa, don mai saye ya san ta inda kuɗinsa za su fita.

Malam Habu, Ringim:
Na janye tawa. "Buɗaɗɗiyar tasha" da "kullalliyar tasha" za mu rubuta a allon shago, ita kuma na'urar "risibar buɗaɗɗun tashoshi". Saura LNB. Sani ya ce ido, a wajen Gumel na san ana cewa kai. Wanne za mu riƙe?

Sani mai dish, Ɗambatta:
Ido, Malam. Shi ke kallon cikin farantin, kuma in murfinsa ya tsage da zafin rana, ƙura da ruwa suka shiga, makancewa yake yi. Shi ba a gyara shi, sabo ake sa wa.