Gyaran da na yi wa laburaren API ya sa saƙo yana tafiya sau biyu, ku ba ni shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan wani abu ya hana ni sakat, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Shekara biyu da suka wuce na rubuta wani ƙaramin laburare da Python, wanda yake sauƙaƙa wa masu gina manhaja hulɗa da API (hanyar da manhaja take magana da sabar) ɗin wani kamfani mai aika saƙon tes. Don kaina na rubuta shi, daga baya na ɗora a GitHub da PyPI (rumbun da ake sauke laburaren Python), sai ga mutane sun fara amfani da shi. Ni kaɗai nake kula da shi, da daddare bayan na tashi daga aiki.

Watan jiya wani ya kawo ƙorafi cewa manhajarsa tana tsayawa cak duk lokacin da sabar kamfanin ta yi nauyi. Na duba na ga gaskiyarsa. Da laburaren requests nake aika buƙata zuwa sabar, shi kuwa requests ba ya sa wa'adin jira da kansa, in ba ka sa masa ba sai ya yi ta zaman jiran amsa. Sai na sa wa'adin daƙiƙa 10, na kuma ƙara cewa idan wa'adin ya cika babu amsa, a sake aika buƙatar har sau uku. Na fitar da gyaran a siga ta 1.4.3.

Yanzu mutum huɗu sun rubuto cewa saƙo ɗaya yana isa sau biyu ko sau uku, kuma kamfanin yana cire musu kuɗin kowanne. Ɗaya daga cikinsu lambar shiga asusu yake tura wa abokan cinikinsa. Abin ya dame ni ƙwarai, don sun yarda da aikina ne suka ɗauka. A kwamfutata kuma na gwada na gwada, matsalar ta ƙi fitowa.

Shin in goge 1.4.3 ɗin gaba ɗaya? In cire sake aikawar, ko akwai yadda ake yin ta daidai? Sannan akwai wani da ya turo gyara sau biyu, yanzu ya ce in ba shi izinin fitar da siga don ya rage mini nauyi. In ba shi?

Wani da ya daɗe a harkar:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, tushen matsalar a fili yake.

Cikar wa'adin jira ba ta nufin sabar ba ta karɓi buƙatarka ba. Abin da kawai ka sani shi ne amsa ba ta dawo maka ba. Ta yiwu buƙatar ba ta isa ba. Ta yiwu ta isa, sabar ta tura saƙon, amma ta yi jinkirin amsawa har daƙiƙa 12, kai kuwa ka riga ka yanke a ta 10. Daga ɓangarenka biyun kama ɗaya suke. Da ka sake aikawa, sabar ta ɗauka sabon saƙo ne.

Don haka ƙa'idar HTTP, wadda manhaja da sabar suke magana da ita, ta raba buƙatu iri-iri. GET da PUT da DELETE, in an gina su yadda ya kamata, ko sau goma ka maimaita sakamakon ɗaya ne. POST ba ta da wannan alkawarin, kuma na tabbata da ita kake aika saƙon. Leƙa urllib3 da requests yake zaune a kansa: a jerin buƙatun da ajinsa na Retry yake maimaitawa da kansa babu POST. Da gangan suka bar ta a waje.

Akwai wuri ɗaya da za ka iya maimaita POST hankali kwance. requests ya bambanta ConnectTimeout da ReadTimeout. Na farko yana nufin ko haɗuwa da sabar ba a yi ba, babu abin da ya fita, sake aikawa ba laifi. Na biyun, wato an haɗu da sabar amma amsa ba ta zo a kan lokaci ba, shi ne ya cije ka.

Wata 'yar'uwa:

Malam, kafin komai ka tsayar da ɓarnar a daren nan, bayani ya biyo baya. Amma kada ka goge sigar. PyPI tana da abin da take kira yank: sigar tana nan, sai dai pip, manhajar girka laburare, zai daina zaɓarta, in ba ga wanda ya rubuta ==1.4.3 da hannunsa ba. Idan ka goge, duk wanda ya kafe manhajarsa a kan wannan lambar girkawarsa za ta karye, kuma PyPI ba ta barin a sake ɗora fayil da sunan wanda aka goge. A 2016 an cire wani ƙunshi mai layi 11 mai suna left-pad daga npm, rumbun ƙunshin JavaScript, ayyuka masu ɗimbin yawa suka kasa girkuwa a ranar.

Ka fitar da 1.4.4 da wa'adin jiran, ba tare da maimaita POST ba. Sannan ka rubuta a fili abin da ya faru: wace siga, wane yanayi ke jawo shi, me mutum zai duba a asusunsa. Mutanen nan huɗu su ne suka lura. Akwai waɗanda ake cire wa kuɗi yanzu haka ba su sani ba.

Wani ɗan zaure:

Ina ƙari a kan maganar Yaya. Duba takardun bayanin API ɗin ko suna karɓar mabuɗin hana maimaici. Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, misali, tana karɓar Idempotency-Key a kan buƙatar POST: ka ƙirƙiri lamba ta musamman, galibi UUID, ka haɗa da buƙatar. Idan lambar ta sake zuwa, sabar ta dawo maka da amsar farko, ba ta sake yin aikin ba. In kamfaninku yana da irin wannan, an gama.

Sai dai ka kula da inda kake ƙirƙirar lambar. Sau ɗaya ake yinta, kafin a shiga zagayen maimaitawa. Na taɓa sa ta a cikin zagayen, kowane yunƙuri ya tafi da sabuwar lamba, na koma gidan jiya ina ganin na gyara.

In ba su da shi, ka bar kuskuren ya fito ga mai amfani da laburaren da suna bayyananne, wanda zai gaya masa cewa ba a san ko saƙon ya tafi ko bai tafi ba. Shi ya san abin da ya fi masa tsada, saƙo biyu ko rashin saƙo.

Wani kuma:

Ni a ganina laburare ba shi da hurumin maimaita komai sai an ce ya yi. Kuma lambar sigar ma akwai gyara. Lamba ta uku ta gyaran da ba ya sauya ɗabi'ar abu ce, ta tsakiya ta sabon abu wanda bai karya na da ba, ta farko ta sauyin da ke karyawa. Mutane da yawa sun saita manhajarsu ta riƙa ɗaukar 1.4 kowace ce ba tare da sun duba ba, saboda sun amince da wannan tsarin. Kai kuwa abu biyu ka cusa a gyara ɗaya. Wa'adin jira shi ne gyaran. Maimaitawa sabon abu ne, wurinsa 1.5.0, kuma a kashe har sai mutum ya kunna.

Wanda ya daɗe a harkar:

Maganar lambar siga na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma cewa kada laburare ya maimaita komai, a nan mun rabu. Idan ka bar wa kowa ya rubuta nasa, rabinsu za su rubuta irin wanda ya kawo mu nan. Idan sabar ta amsa da lambar kuskure 429, ta gaya maka ƙarara cewa ka cika aikowa, ta ƙi buƙatar. Sau da yawa tana haɗawa da Retry-After, wanda zai iya zuwa da adadin daƙiƙoƙi ko da kwanan wata da lokaci, don haka kod ɗinka ya iya karanta duka biyun. In babu shi, ka jira daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, kana ƙara ɗan lokaci wanda ba ƙayyadadde ba a kai, don kada duk masu laburaren su dawo wa sabar a lokaci guda. Waɗanda za ka yi hattara da su a POST su ne 500 da 502 da 504, don ba su gaya maka ko an yi aikin ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yank ɗin yanzu. Amma Yaya, ta yaya zan gwada abin da ya ƙi fitowa a wajena?

'Yar'uwar:

Ya ƙi fitowa ne saboda sabar gaske tana amsa maka da wuri. Rubuta sabar bogi a cikin gwajinka, http.server na Python ma ya isa. Ta ƙirga duk buƙatar da ta shigo, sannan ta yi jinkirin da ya wuce wa'adinka kafin ta amsa. Rage wa'adin zuwa rabin daƙiƙa don gwajin ya yi sauri. Kira aikin aika saƙo sau ɗaya, ka tabbatar ƙirgar ta tsaya a 1. Fara gudanar da shi a kan kod ɗin 1.4.3, dole ya faɗi da ƙirga sama da ɗaya. In bai faɗi ba, gwajin bai kama matsalar ba, kada ka dogara da shi.

Ɗan zauren:

Batun mai neman izini kuma, ka karɓi taimakonsa, don kai kaɗai ba za ka iya ba, kuma da akwai ido na biyu da wataƙila an tare wannan tun kafin ya fita. Amma mataki-mataki. Ya fara da tantance ƙorafe-ƙorafe da duba gyaran da ake turowa. Izinin fitar da siga ya zauna a hannunka tukuna. A watan Maris na 2024 aka gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a xz, manhajar matse fayil, siga ta 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana turo gyara har mai kula da aikin, wanda nauyi ya yi wa yawa, ya amince da shi. Ban ce mutuminka haka yake ba. Gyara biyu dai bai isa a san mutum ba.

Mai tambaya:

Ga inda aka kwana. Gwajin ya faɗi a kan 1.4.3 da ƙirga 4, yunƙurin farko da maimaici uku, ya wuce a kan 1.4.4, na kuma fitar da ita tare da bayanin abin da ya faru. Na rubuta wa mutum huɗun ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri. Na karanta takardun kamfanin daga farko har ƙarshe, ba su da mabuɗin hana maimaici, don haka na aika musu da buƙatar su ƙara. Ɗan'uwan nan kuma na ba shi izinin tantance ƙorafi, ya karɓa, har ya lura cewa daƙiƙa 10 ta yi kaɗan ga masu aika saƙo dubu a buƙata ɗaya. A 1.5.0 mai amfani zai iya saita wa'adin haɗuwa daban, na jiran amsa daban, kuma ɗan'uwan nan ne zai duba kod ɗin kafin in fitar.