Me ya sa wasu masu sharhi a Faransa suka soki fim ɗin Amélie?

Ɗalibi, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum. A makon jiya na kalli Amélie, fim ɗin soyayya da ban dariya wanda Jean-Pierre Jeunet ya shirya a shekarar 2001, kuma har yanzu ina tuna wurin da Audrey Tautou, wadda ta fito a matsayin Amélie, take nutsa hannunta cikin buhun hatsi, domin haka nake yi tun ina yaro idan na raka mahaifiyata babbar kasuwa awon gero. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, malaminmu na Faransanci ya ce akwai masu sharhi a Faransa da suka yi wa fim ɗin kaca-kaca. Labarin budurwa ne mai aiki a gidan shan kofi, wadda take faranta ran maƙwabtanta a ɓoye har ta sami masoyi. Mene ne abin suka a nan?

Malamin makaranta, Bagalam:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai masu yabo sun fi masu suka yawa nesa ba kusa ba. Mutane fiye da miliyan 8 ne suka shiga silima suka kalle shi a Faransa, ya ci kyautar César ta finafinan Faransa guda 4 a 2002, har da ta fim mafi kyau da ta kiɗan Yann Tiersen, sannan aka sa shi takarar Oscar a rukuni 5, ko da yake bai samu ko ɗaya ba. Kafin duk wannan, masu shirya bikin finafinai na Cannes sun ƙi sa shi cikin gasarsu.

Sukar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Serge Kaganski, wanda ya rubuta a jaridar Libération cewa fim ɗin ya nuna wata Paris ta dā da aka wanke tas, babu baƙin haure, babu cakuɗuwar jinsuna, irin wadda masu ra'ayin Le Pen, ɗan siyasar Faransa mai adawa da shigowar baƙi, suke mafarki. Jeunet da magoya bayansa sun kafa hujja da Jamel Debbouze, ɗan wasan da ya fito a fim ɗin, wanda iyayensa ƴan Maroko ne, amma ka lura sunan da aka ba shi a fim ɗin Lucien ne. A ganina Kaganski ya wuce gona da iri wajen jingina fim ɗin da siyasar ƙyamar baƙi, amma abin da idonsa ya gani yana nan.

Hajiya, Sabon Gari:

Malam, ni na fi ka karkata ga mai sukar. Na taɓa zuwa Paris sarin kaya, na sauka wurin dangi kusa da Château Rouge, kuma daga can zuwa Montmartre, unguwar da labarin fim ɗin ya gudana, tafiyar ƙafa ce ta ƴan mintoci. Da idona na ga matan Mali da Sanagal suna cinikin busasshen kifi da kuɓewa da atamfa, ina jin Larabci da Bambara ta ko'ina. Da na kalli fim ɗin sai na ga an share su gaba ɗaya, kamar yadda aka goge rubuce-rubucen bango da dattin titi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaranmu a nan Maraɗi irin waɗannan finafinan suke kallo su ɗauka haka Faransa take.

Malamin makaranta, Bagalam:

Ranki ya daɗe, ban musa abin da kika gani ba. Abin da nake cewa shi ne, Jeunet bai yi alkawarin nuna Paris ta zahiri ba, tatsuniya ya bayar, shi ya sa ya rina komai da kore da ja da rawaya, har hotunan bango suna magana. Wanda ya saurari gatana ba ya neman ƙidayar mutanen garin Gizo.

Hajiya, Sabon Gari:

Garin Gizo ba ya kan taswira, Malam, amma gidan kofin Deux Moulins, inda Amélie take aiki a fim ɗin, yana nan a titin Lepic, kuma har yau masu yawon buɗe ido suna zuwa ɗaukar hoto a ƙofarsa. Ɗana, ka sake kallon fim ɗin, ka ƙirga baƙaƙen fuskokin da za ka gani a tashoshin jirgin ƙasa, sannan ka dawo ka gaya mana.