Muhawara: Anya Marko Polo ya taka ƙasar Sin?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ban yarda Marko Polo ya je Sin ba. An ce ya bar birnin Benis na Italiya a 1271, ya yi shekara 17 yana hidimar Kublai Khan, sarkin Mongol da ke mulkin Sin a lokacin, ya koma gida a 1295. Amma duk faɗin littafinsa babu shayi, babu babbar ganuwar Sin, babu ɗaure wa mata ƙafa, babu tsinken cin abinci. Frances Wood, masaniyar tarihin Sin 'yar Birtaniya, ta fitar da littafi a 1995 tana cewa da wuya ya wuce yankin Bahar Aswad, labaran Farisawa kawai ya tattara. Ina bayanta.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ganuwar da kake gani a hoto daular Ming ce ta gina ta, ita kuwa sai 1368 ta hau mulki, alhali Polo ya rasu tun 1324. Kuma don tare mahayan arewa ake gina ganuwa. A zamaninsa Mongol sun riga sun shigo, su ke sarauta, to wa zai gyara ta? Shayi kuma, cikin Mongol da baƙi ya zauna, su abin shansu nonon goɗiya ne, ya ko ambace shi.

Hajiya Babba: Malam, ni inda nake tuntuɓe daban ne. Ba shi ya rubuta da hannunsa ba. A kurkukun birnin Jenowa na Italiya, a 1298, ya ba wani Rustikello mutumin Pisa labari, shi kuma sana'arsa rubuta tatsuniyoyin jarumai. Mai irin wannan sana'a ai ba zai rasa ƙara gishiri ba.

Ɗan Fagge: Allah ya saka, Hajiya. Ga ma ƙarya tsirara: littafin ya ce su Polo ne suka sa aka ƙera wa Mongol manjaniƙi, wato na'urar cilla manyan duwatsu, da ya karya birnin Xiangyang. Birnin ya faɗi a 1273, su ko sai wajen 1275 suka iso fada. Masu aikin Musulmi ne daga Farisa, Isma'il da Ala'uddin. Polo ya kuma ce ya mulki birnin Yangzhou shekara 3, babu sunansa a kundin Sinawa.

Malam Mai Alli: Na Xiangyang ba zan iya kare shi ba, sai dai a sani ba a duk kwafe-kwafen littafin yake ba. Amma cika baki daban, rashin zuwa daban. Alhaji zai iya dawowa ya ce da limamin Harami suka ci tuwo, wannan bai soke hajjinsa ba.

Ga abin da nake so ku duba. Polo ya ce sun bar Sin ta teku suna raka gimbiya Kokacin, wadda za a kai wa Argun sarkin Farisa, ya kuma faɗi sunayen jakadu uku da ke tafiyar: Oulatai, Apusca da Coja. A 1941 masanin Sin Yang Zhijiu ya gano wata takardar gwamnati ta 1290 a cikin kundin Yongle, babban kundin ilmi na daular Ming, tana maganar guzurin jakadu uku masu zuwa wurin Argun, sunayen kuma su ne dai waɗannan. Polo ya ce Coja kaɗai ya isa da rai. Rashiduddin, marubucin tarihi na Farisa, shi ma Khoja, wato Coja, kaɗai ya ambata, kuma bayan littafin Polo ya yi nasa rubutun. Daga ina ya kwafa?

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, takardar ta ambaci Polo?

Malam Mai Alli: Ba ta ambace shi ba. Gimbiyar ma ba ta ambata ba, ita da aka yi tafiyar dominta.

Ɗan Fagge: To ai yana iya jin sunayen a kasuwar Tabriz ta Farisa.

Baban Yara: Bari in sa baki, don nan fagen 'yan kasuwa ne. Sunan jakada a ji shi a kasuwa, na yarda. Amma mutumin nan ya bayyana yadda ake yin kuɗin takarda da ɓawon itace, a buga masa jan hatimi, da yadda ake mayar da tsohuwar takarda a karɓi sabuwa a cire uku cikin ɗari. Ya faɗi yadda ake dafa ruwan rijiya a samu gishiri a lardin Yunnan na Sin, da inda ake ciniki da curin gishiri, da inda kuɗinsu wuri ne, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi. Masanin tarihin Sin Hans Ulrich Vogel ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 2013, ya tarar sun dace da kundin Sinawa da aka harhaɗa bayan rasuwar Polo, a harshen da bai iya karantawa ba. Shayi bai dame shi ba, haraji da farashi su suka dame shi.

Hajiya Babba: Da wannan kam na karkata ga cewa ya je. Sarautar Yangzhou ce har yanzu ban saya ba.

Ɗan Fagge: Ni sai an nuna mini sunansa a takardar Sinawa, ko guda ɗaya.

Malam Mai Alli: Da wane suna za ka neme shi, ƙanena? Ba Marko za su rubuta ba.