"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": ta hau kan injin fassara kuwa?

Ƙanwar kowa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku raba mana gardama. Ina aiki a sashen kula da kwastomomi, kuma satin nan aka ce in kunna fassara ta kai tsaye a manhajar da muke amsa saƙonni da ita, wato kwastoma ya rubuto da yarensa mu gani da namu, mu ba shi amsa ta koma masa da nasa. Ina cikin saiti sai wata abokiyar aikina ta ce min ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wai duk abin da ya bi ta bakin inji ya tashi daga maganar mai shi. Maganar ta tsaya min a rai wallahi, dan ni mutanen da ke rubuto mana suna cikin damuwa ne nake ji, wani kuɗinsa ne suka maƙale wani kayansa ne ba su iso ba. Shin karin maganar ta dace a nan ko dai an ja ta inda ba wurinta ba?

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa fara duba inda ake faɗinta tukuna. Ana faɗinta ne in wani zai ba da labarin wani alhali mai labarin yana zaune a wurin, sai a ce a'a bar shi ya faɗa da bakinsa. Kin ga akwai sharaɗi biyu kenan, mai waƙar yana nan, kuma masu sauraro suna jin yarensa. To ke fa da mutum ya rubuto miki da Faransanci ko Larabci ba kya ji, ko ya rera da bakinsa me za ki tsinta? Ni dai a ganina ba ta hana ɗan aike ba, abin da take hanawa shi ne a ture mai magana gefe a saurari wani a madadinsa.

Injiniya:
Malam ya gama magana. Ni tawa karin maganar ita ce da babu gara ba daɗi. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata huɗu ba zai iya ɗaukar mai jin kowane yare ba, in ba injin nan saƙon mutum sai ya kwana biyu ba wanda ya taɓa shi. Kuma abin ya ci gaba fa ba kamar da ba, Google Translate tun 2013 ya sa Hausa, a 2016 suka fara komawa tsarin da ke duban jimla gaba ɗaya maimakon guntu-guntu, a 2022 Meta ta fito da nata mai yare 200 har da Hausa a ciki. Manhajojin amsa saƙonnin kwastomomi irin su Zendesk da Intercom duk suna da hanyar fassara hira, ko dai tasu ta ciki ko ka jona musu ta waje.

Uwar biyu:
Injiniya ban yarda da kai gaba ɗaya ba gaskiya. Da babu gara ba daɗi ai ana faɗinta ne kan abin da ko bai yi daɗi ba zai yi maganin buƙata, amma fassarar da ta juya ma'ana ba rashin daɗi ba ne, kuskure ne, kuma abin tsoron shi ne tana fitowa sumul lafiya lau ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Bari in ba ku wanda na gani da idona a wurin aikina na da. Wata mata ta rubuto korafi sau uku ba a warware mata ba, a na huɗu sai ta ce "toh shikenan ba komai, nagode". Injin ya mayar wa ma'aikacin da cewa babu wata matsala tana godiya, shi kuma ba ya jin Hausa sai ya rufe tikitin, wato fayil ɗin korafin nata, da murnarsa. Duk wanda ya san Hausa ya ga wannan "ba komai" ɗin ya san zuciya ce ta ɓaci, matar ta haƙura da mu ne gaba ɗaya, ba ta sake sayen komai ba. Kalmomin duk an fassara su daidai amma ɓacin ran nata bai iso wurinsa ba ko kaɗan.

Malamin Adabi:
Hajiya wannan misalin naki ya sa na ɗan ja baya daga abin da na faɗa. "Daɗi" ɗin da ke cikin karin maganar ashe ba zaƙin murya kaɗai ba ne, har da nauyin da mai magana ya ɗora wa kalma, wanda shi kaɗai ya san inda ya sa shi.

Tsohon tafinta:
'Ya'yana na yi aikin tafinta da baki shekaru masu yawa kafin zuwan waɗannan na'urori, kuma abin da muka koya shi ne tafinta ba ya tsayawa a gaban mai magana, a gefensa yake tsayawa dan a riƙa ganin fuskarsa. Haka nake so ki yi da manhajarki 'yata, kar ki bari fassarar ta rufe asalin saƙon, ki sa su fito tare ɗaya a kan ɗaya, ko ma'aikaci ba ya jin yaren zai ga tsawon rubutun da alamomin tambaya biyar da aka jera, kuma in abu ya rikice akwai abin da za a nuna wa mai ji. Sannan ku duka kuna ta maganar saƙon da ke shigowa, ni wanda ke fita ya fi ba ni tsoro. Magana zarar bunu ce. In injin ya yi kuskure a saƙon kwastoma kuna iya sake tambayarsa, amma in ya yi a amsarku, ya ce za a mayar masa da kuɗi alhali cewa kuka yi za a duba ko za a mayar, to ya fita da sunan kamfani kuma mutumin ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye.

Injiniya:
Baba gaskiya ne wannan, kuma akwai maganinsa a saiti. Amsoshin da ake yawan turawa, irin na mayar da kuɗi da canza lambar sirri da jinkirin kaya, ba a barin inji ya fassara su kullum, mutum mai jin yaren ake ba ya fassara sau ɗaya a ajiye su a matsayin shiryayyun amsoshi. Sai kuma jerin kalmomin da za ki hana shi taɓawa, sunan kamfani, sunayen kaya, lambar oda, dan in sunan kayanku kalma ce mai ma'ana zai fassara ta kwastoma ya rasa me ake nufi. Wani abin kuma gano yare, yana yawan kuskure in saƙon gajere ne kamar kalma ɗaya ko biyu, ko mutum ya gauraya yare biyu a jimla ɗaya yadda muke yi kullum, saboda haka ki bar wa ma'aikaci damar ya zaɓi yaren da hannunsa. Kuma ki tuna rubutun yana fita ne zuwa kwamfutocin wani kamfanin kafin ya dawo, lambar kati da makamantansu a rufe su tun kafin su tafi, in kuna da kwastomomi a Turai ma dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ta shafe ku.

Uwar biyu:
Ka manta da yadda muke rubutu a waya. Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa, kasa da ƙasa duk ɗaya muke bugawa, kafa da ƙafa haka, ga haɗe kalmomi, mutum ya rubuta "in yaron yazo a bashi kayan" inji na iya ɗaukar bashin nan na kuɗi ne. Shi ya sa ni nake cewa duk maganar da ta shafi kuɗi ko lafiya ko mutum ya rubuto karo na biyu kan abu ɗaya, a miƙa wa ɗan adam mai jin yaren kawai, zuwa da kai ya fi aike.

Ƙanwar kowa:
Allah ya saka da alheri, Baba maganarka ta gefe da gaba ta shige ni sosai. Yanzu haka na koma saitin na sa asalin saƙo ya riƙa fitowa a saman fassarar, kuma na rubuta ɗan layi da zai fita a farkon kowace hira yana gaya wa kwastoma cewa na'ura ce ke fassarawa, in bai gane ba ya faɗa a haɗa shi da mutum, dan ina ganin haƙƙinsa ne ya san ba bakinmu yake ji kai tsaye ba. Abokiyar aikin tawa na nuna mata duk abin da kuka ce, ta ce ita har yanzu tana nan kan bakanta, amma ta yarda ta fassara mana shiryayyun amsoshin Hausa da kanta.

Saura abu ɗaya da ya dame ni. Na gwada da saƙon gwaji da sunan mace, amsar ta fito da "ka duba wayarka", kuma ko dattijo ne haka zai ce masa kai tsaye ba "ku" ba komai. Injiniya na ga injin fassara na DeepL yana ba da zaɓi tsakanin du (kai ko ke) da Sie (ku na girmamawa) a Jamusanci, akwai yadda zan yi in tilasta masa "ku" a Hausa ga kowa da kowa, ko dai sai mun riƙa gyarawa da hannu kafin mu tura?