Ajiyar bayanan iPad ɗina ta ƙi kammaluwa, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana na'ura, ku kawo mini ɗauki.

Yau kwana 6 ina fama. Duk dare sai in jona iPad ɗina a caji, in kulle shi, in bar shi ya tura hotuna da takarduna zuwa iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet. Da asuba in duba, ajiyar ba ta kammala ba. Ba ƙarancin wuri ba ne, cikin 5GB na kyauta ko rabi ban ci ba.

Na'urar Wi-Fi tana falo, ni kuma ɗakina can ƙuryar gida, bangon bulo biyu tsakaninmu. Sanda ɗaya tak take nunawa, wani sa'in ma ta ɓace. Jiya na zauna gab da ita, ajiyar ta kama tafiya har ta wuce rabi, kawai aka ɗauke wuta!

Na kashe na kunna, na sake sa lambar sirri, shiru.

Wani aboki ya ce in koma kan tashar Wi-Fi ta 2.4GHz, wai ta fi ta 5GHz ratsa bango. Ta ina ake sauyawa? Kuma in ajiyar ta katse, ɗorawa take yi ko daga farko take komawa? Datata ce ke ƙarewa a banza.