Tsintsiyar hannuna ta hana ni barci: in tafi wajen kairofrakta ko in jira asibiti?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Sana'ata kitso da ƙunshi, shekara 9 ke nan a Kaduna. Wata huɗu yanzu tsintsiyar hannuna ta dama tana damuna. Ban faɗi ba, ban buge ba. Da daddare abin ya fi tsanani: babban yatsa da manuniya da na tsakiya su mutu, kamar kiyashi na yawo a ciki, sai na tashi na yi ta yarfe hannun kafin barci ya sake ɗaukata. Ƙaramin yatsa kam lafiya lau. Jiya kofin shayi ya suɓuce min. A asibiti sun ce sai nan da sati bakwai zan ga likitan ƙashi. Matar yayana ta ce in zo Abuja akwai kairofrakta, masu gyaran gaɓoɓi da hannu, zama shida, kowane zama dubu 25. Ga shi na riga na karɓi kuɗin ƙunshin amare biyu. Akwai wanda ya taɓa zuwa?

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya. Sanyi ne. Ki daina wanki da ruwan sanyi, ki riƙa shafa man zafi kina gasawa.

Baban Khalifa: Hajiya, don Allah kada ki bari kowa ya ja miki hannu ba a yi hoto ba. Ni shekara uku da suka wuce na faɗo daga babur, na dafe ƙasa da tafin hannu. Ko kumburin kirki bai yi ba, aka ce targaɗe ne. Aka kai ni wajen maɗori, mutum biyu suka riƙe ni, ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da kara. Sau huɗu ina komawa. Wata biyar ban iya murɗa makulli ba. Da na je asibiti aka ce wani ɗan ƙashi ne a gindin babban yatsa ya karye, sikafoyid suke ce masa, jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa in aka yi sakaci ba ya haɗewa. Sai da aka yi aiki aka sa ƙarfe. Ni makanike ne, har yau ba na iya kwance noti mai tauri, yarana nake kira. Filina na sayar na biya kuɗin aikin.

Ummu Hanan: Subhanallah. Allah Ya mayar maka da alheri Malam.

Ɗan Zazzau: Amma a yi adalci. Kakana maɗori ne, ƙafafun da ya ɗora a ƙauyenmu ba su ƙirguwa. Kai dai ka faɗa hannun wanda bai gada ba.

Baban Khalifa: Shi ma cewa aka yi gado ya yi, har kakan kakansa. Gado ba ya ganin cikin ƙashi.

Maman Ilham: Na gode, amma ni fa ban faɗi ba, kuma ba wajen maɗori zan je ba.

Sadiya Abj: Ni na je wajen kairofrakta, amma a kan ciwon baya. Na ji sauƙi gaskiya. Dubu 15 nake biya, ban san inda aka samo 25 ba.

Abu Fawwaz: 15? Yaushe rabonki da zuwa? Abokina dubu 40 ya biya ranar farko kawai.

Anti Fisiyo: Maman Ilham, aikina gashin ƙashi ne. Ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba, amma yatsun da kika lissafa, da tashin dare, da yarfe hannu, sun yi kama da abin da ake kira kafal tanel. A tsintsiyar hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, a gabansu akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya da jijiyoyin lanƙwasa yatsu 9 suke bi tare da jijiyar ji guda ɗaya. In wajen ya kumbura sai a matse ta. Ita ke kai ji ga yatsun nan uku da rabin na zobe, ba ta zuwa ƙaramin yatsa, shi ya sa naki yake lafiya. Aikin da ake maimaitawa da hannu a lanƙwashe yana tayar da shi, haka juna biyu, ciwon suga da matsalar maƙoƙo. Kin taɓa gwada suga? Abin da ake fara yi mai arha ne: takalmin hannu mai ƙarfe a ciki, ki sa da daddare don hannun ya kwana a miƙe. Wajen aiki ki riƙa tsayawa kina miƙe yatsu, kada ki yi kai uku a jere babu hutu. In bai yi ba akwai allura a wajen, in ya yi nisa ƙaramar tiyata. Kairofraktik a Amurka aka fara shi, wani D.D. Palmer a 1895, kuma ƙashin baya ne asalin abin da suka fi mayar da hankali a kai. Wasunsu suna tausa da motsa tsintsiyar hannu, su ba da takalmin nan, amma ba sai kin kashe dubu 150 kafin ki samu wannan ba. Kofin da ya faɗi ne ya fi damuna. In kin ga tudun naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, ki koma ki gaya musu, kada ki jira sati bakwai.

Ɗan Zazzau: To ai ke fisiyo ce, dole ki kushe abokan gasa. Kowa tallar hajarsa yake.

Anti Fisiyo: Malam, Kano nake ita tana Kaduna, sisinta ba zai shigo aljihuna ba.

Sadiya Abj: Amma dai wanda ya je ya ga amfani shi ma a saurare shi. Ba komai ne sai mai farar riga ba.

Baban Khalifa: Bayanki aka gyara, ita hannu take magana. Ni da na rasa hannun ne ya kamata a saurara.

Abu Fawwaz: Baban Ilham ya karɓi wanki da daka na wata ɗaya, a ɓoye mata wayarta, mu gani in ba ta warke ba 😂

Maman Ilham: Wankin kam ba zan ƙi ba. Anti, suga ban taɓa gwadawa ba, mahaifiyarmu dai tana da shi. Takalmin nawa ne?

Ummu Hanan: Dubu 6 na saya wa surukata a kemis.

Sadiya Abj: Wanda na gani dubu 18 ne. Na dubu 6 roba ce kawai, babu ƙarfe.

Malam Tela: Ni sati bakwai ɗin nan ne ya tsaya min a rai. Mahaifina wata uku aka ba shi a kan gwiwa. Ranar muka fita tun asuba, aka ce likita ya tafi taro, aka ƙara mana sati biyar. Ta yaya mutum ba zai tafi wajen maɗori ba?

Baban Khalifa: Wallahi. Ni ma fayil ɗina sau biyu yana ɓata, na sake yankar kati.

Abu Fawwaz: Likitocin duk sun tafi Saudiyya da Ingila, wa zai duba ku?

Maman Ilham: Anti Fisiyo, in na fara sa takalmin, zan iya yin ƙunshin ranar Asabar ko in mayar musu da kuɗinsu?

Malam Tela: Mu katin ma dubu biyu aka karɓa, da rasit ɗin dubu ɗaya.