Ina neman taimako kan ratsi na biyu na even-skipped

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Kwana uku ke nan abu ɗaya ya tsaya mini a karatun ɗan tayin ƙudan Drosophila.

Na gane cewa uwa ce ke ajiye saƙon wata ƙwayar gado (gene) mai suna bicoid a goshin ƙwai, furotin ɗinsa ya yi yawa a gaba, yana raguwa zuwa baya. Na kuma gane aikin wata ƙwayar gadon, even-skipped, na fitowa a ratsi 7 a jikin ɗan tayin. A ratsi na biyu, furotin Bicoid da furotin Hunchback ne ke kunna even-skipped, furotin Giant ya tare shi ta gaba, furotin Krüppel kuma ta baya.

To ga inda na maƙale. Idan aka lalata ƙwayar gadon giant, ratsin yana faɗaɗa ta gaba, amma ba ya kaiwa can ƙarshen kai, alhali nan ne Bicoid ya fi yawa. Me ke hana shi? Akwai wani mai dannewa da ban sani ba, ko yawan Bicoid ɗin ne da kansa ke kawo cikas? Na zana hoton ya fi sau goma, bai fita ba.

Don Allah wanda ya fahimta ya warware mini dalla-dalla, jarrabawa ta matso. Allah ya saka da alheri.